Addi Ba: Bafulatanin Sojan da Ya Mutu Bai Tona Masu Masaukinsa Ba



Da wuya a sami babban gari a ƙasashenmu da bai taɓa yin wani dattijo da ake kira tsohon soja ba, wanda ya je yaƙin Nasara ya komo da lambobi a ƙirji da Faransancin bariki a baki. Waɗannan mun san su domin Allah ya komo da su. Akwai kuwa dubbai da ƙasar wasu ta rufe, ba a yi musu sutura a gida ba, iyayensu kuma suka tsufa suna duban hanya. A wannan fitowa mun ga ya kyautu mu kawo labarin ɗaya daga cikinsu, wani saurayi talaka Musulmi da aka harbe a Faransa a shekarar 1943.

Sunansa na yanka Mamadu Hadi Bah, amma Faransawa suka san shi da Addi Ba. An haife shi a 1916 a Futa Jalon ta ƙasar Gine, ƙasar Fulani mai tsaunuka wadda ta yi suna wajen malamai da makarantun allo, wadda kuma Faransa ta ci da yaƙi a 1896. Ba neman ilimi ya kai shi Turai ba, ba kuma fatauci ba. Ya bi iyalin wani Bafaranshe ne mai karɓar haraji a zamanin mulkin mallaka, yana yi musu aikin gida, suka sauka a Langeais, wani ƙaramin gari a bakin kogin Loire. Yana Faransa yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939. Cikin wannan shekara ya kai kansa aka ɗauke shi soja, aka sa shi a runduna ta 12 ta sojan ƙasa da ake kira tirayer na Senegal.

Kada sunan ya ruɗe mu. Tun da Gwamna Faidherbe ya kafa wannan soja a 1857, suna ne kawai na Senegal, amma a cikinsa akwai Bambara da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Hausawa da Sara na Cadi. Da yawansu ba da son ransu suka tafi ba. Kumandan ne ke yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, galibi kuma a kan ɗan talaka abin ke faɗawa.

Ranar 10 ga watan Mayu na 1940 Jamus ta auka wa Faransa, cikin mako shida ta karya ta. Abin da sojojin baƙar fata suka gani a wannan ɗan lokaci ya fi na kowa muni, domin aƙidar Hitila ba ta ɗauke su cikakkun mutane ba. A wurare da dama, in an kama runduna, sai a ware Turawa gefe guda a harbe baƙaƙe. Haka aka yi wa Kyaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon a Airaines ranar 7 ga Yuni, haka kuma aka yi wa sojojin runduna ta 25 a Chasselay kusa da Lyon. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1,500 da 3,000.

Addi Ba yana cikin waɗanda aka kama da rai. Da yake Jamusawa ba su son tara fursunoni baƙaƙe a ƙasarsu, sai suka tsare su a sansanoni cikin Faransa. Shi an tsare shi a Neufchâteau, a yankin Vosges na gabashin ƙasar. Bai daɗe ba ya sulale tare da wasu ƴan'uwansa, suka shige daji.

Mai karatu ya auna halin da suka shiga. Vosges ƙasa ce ta duhun itatuwa da sanyi mai ratsa ƙashi. Bature in ya tsere yana iya sauya tufafi ya ɓace cikin kasuwa, amma baƙin mutum fatarsa ce ke shelarsa tun daga nesa. Ba su da abinci, wasunsu da raunuka, wanda duk ya taimake su kuwa ya sa wuyansa da na iyalinsa cikin igiya. Duk da haka manoman ƙauyukan nan suka riƙa kai musu burodi da magani a ɓoye. Daga baya magajin garin Tollaincourt, Louis Dormois, ya ba Addi Ba masauki, ya zauna a ƙauyen kamar ɗan ƙwadagon gona. Kowa ya san shi, kowa ya san daga inda ya fito, kowa kuma ya kama bakinsa. Ya taimaka aka fitar da abokansa tirayer zuwa ƙasar Suwis, inda babu yaƙi. Shi kuwa ya zauna.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A watan Fabrairu na 1943 gwamnatin Vichy, mai biyayya ga Jamus, ta kafa dokar da ake kira STO, wadda ta wajabta wa samarin Faransa tafiya aikin dole a masana'antun Jamus. Ga abin al'ajabi: a daidai wannan lokaci kakanninmu a nan Afirka suna fasa dutse suna ɗaukar kaya a ka ƙarƙashin aikin dolen Faransa, wanda ba a soke ba sai a 1946. Sai ga ɗan ƙasar da ake wa aikin dole ya tashi yana ɓoye ƴaƴan Faransawa daga aikin dole. Shi da wani mai sana'ar famfo na garin Lamarche, Marcel Arburger, da abokansu, suka kafa maɓoya a daji wadda aka sa wa suna Délivrance, wato kuɓuta. Ita ce maɓoyar ƴan gwagwarmaya ta farko a yankin Vosges. Samarin da iyayensu suka ciyar da shi jiya, yau shi ke kula da su. Jamusawa suka laƙaba masa suna baƙin ɗan ta'adda.

A watan Yuli na 1943 asirin maɓoyar ya tonu, Jamusawa suka kai mata hari. Aka bi sawun shugabanninta, aka kama Addi Ba da Arburger, aka tsare su a Épinal.

Nan ne zuciyar labarin. Babu abin da Jamusawa ke nema wanda ba ya cikin kan wannan saurayi. Ya san gidan da ya ba da gari, ya san matar da ta ɗaure rauni, ya san wanda ya nuna hanya da dare. Ba danginsa ba ne, ba addininsu ɗaya ba, ƙasarsu ce ma ke mulkin tasa. Da ya buɗe baki ya ambaci sunaye, da gidaje da yawa sun zama kufai. Aka gana masa azaba, bai ambaci kowa ba. Ranar 18 ga Disamba na 1943 aka fito da shi tare da Arburger zuwa tudun da ake kira La Vierge a Épinal, aka harbe su. Bai kai shekara talatin ba. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta Colmar.

Mutanen ƙauyukan ba su manta da shi ba, amma hukuma ta manta. Ba shi kaɗai ba. Ranar 1 ga Disamba na 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tirayer da suka komo daga zaman fursuna suna neman haƙƙinsu, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin kisan gilla. A 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojan Afirka, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa Addi Ba, sai da wani tsohon hafsa, Kanar Maurice Rives, ya yi shekaru yana fafutuka kafin a ba shi lambar yabo ta ƴan gwagwarmaya a 2003, shekara 60 bayan rasuwarsa. A 2012 marubucin Gine Tierno Monénembo ya fitar da littafi a kansa mai suna Le Terroriste noir, a 2017 kuma aka yi fim mai suna Nos patriotes.

Ba mun kawo wannan labari don yabon yaƙi ba, ko don wanke mulkin mallaka. Mun kawo shi ne domin a yau ma ƴaƴanmu suna cin abinci a gidajen da ba nasu ba, daga Kwatano da Abijan har Turai. Abin da za mu sa musu a jaka kafin su tafi shi ne su san girman gishirin da suka ci, su riƙe amanar wanda ya amince musu ko da ba ya sallah tare da su. Haka addini ya hore mu, haka kuma wannan ɗan aikin gida ya aikata a ranar da riƙon amana ya zama bakin ransa.

Muna kuma kira ga magidanta: duk gidan da ke da kaka ko kawu da aka ɗauka soja bai komo ba, a tambayi tsofaffi tun suna raye, a rubuta sunansa da garinsa, a gaya wa yara, a sa shi cikin addu'a.

Allah ya jiƙan Mamadu Hadi Bah da sauran musulmin da suka kwanta a nesa da gida, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Amin.