Kafin a Saya wa Sabon Mai Hoto Filashi

Da rana a bakin tafkin Madarunfa, hasken Allah ya ishi mai hoto. Amma cinikin yana ɗakin amarya da dare, inda filashin kyamara ke sa fuska ƙyalli.

Saboda haka muke jan hankalin uwayen da ke kwasar adashi su saya wa yaro kayan aiki. Filashi ɗaya da ake kafawa gefe, irin Godox, ya isa, da sandarsa, da farar lema mai tausasa haske, da na'urar kunna shi daga nesa. Ku tafi Maraɗi da kyamarar a gwada gabanku, don na Canon ba lalle ya dace da Nikon ba. Ku haɗa da batiran caji na ko-ta-kwana, tunda ba a maimaita daren biki.