Bessie Smith: marainiyar da ta ciyar da danginta da murya

A wannan mako mun leƙa ƙasar Amurka domin kawo muku tarihin Bessie Smith, sarauniyar waƙar blus, wato waƙar baƙaƙen fata ta koken duniya.

An haife ta a Chattanooga, jihar Tennessee, a shekarar 1894. Kafin ta cika shekara 10 uwa da uba duk sun rasu. Yayarta Viola ce ta riƙe gidan da wankau. Ita kuwa Bessie sai ta shiga waƙa a bakin titi, wanta Andrew yana kaɗa mata gita, masu wucewa suna jefa musu ƴan kwabbai. A 1912 wani wan nata, Clarence, ya samo mata aikin rawa a wata ƙungiya mai yawo gari gari, inda ta haɗu da shahararriyar mawaƙiya Ma Rainey.

A 1923 kamfanin Columbia ya ɗauki muryarta. Faifanta na farko, Downhearted Blues, ya sayu fiye da dubu 700. Kuɗi suka shigo, har ta mallaki taragon jirgin ƙasa nata na kanta. Ba ta manta da gida ba: ta kwaso ƴan uwanta mata zuwa Philadelphia, ta ɗauki nauyinsu, ta kuma ɗauki wani yaro riƙo.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin yakan biya ta sau ɗaya, dalar Amurka 125 zuwa 200 a kan kowace waƙa, ba ta da kaso a cinikin faifan komai yawansa. Duk ƴar kasuwa ta san bambancin ladan dako da ribar kaya. Mijinta Jack Gee kuma ya zuba kuɗinta a wasan wata mawaƙiya da yake nema, abin da ya raba su a 1929.

Ta rasu ranar 26 ga Satumba 1937 bayan hatsarin mota kusa da Clarksdale, tana da shekara 43. Dubban mutane suka yi mata rakiya, amma kabarinta ya shekara 33 babu ko alama. Sai a 1970 mata biyu suka biya kuɗin dutsen: mawaƙiya Janis Joplin, da Juanita Green, wadda ta yi mata aikin gida tana yarinya.