Bazara a Tasawa da Mayahi: Shayi, ƙwallo da siyasar da ake yi ƙasa-ƙasa

Da misalin ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, babbar hanyar da ta ratsa Tasawa daga Maraɗi zuwa Damagaram kan yi tsit. Zafi ya haura digiri 40, 'yan kabu-kabu sun jingine baburansu a gindin bedi, masu shaguna sun miƙe a kan benci. Sai bayan la'asar gari ke farfaɗowa: a yayyafa ruwa a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a hura gawayi, a ɗora butar shayi. Fada ta buɗe ke nan.

Fada ita ce majalisar samari a Nijar, kuma ta bazu ne a shekarun 1990, bayan babban taron ƙasa na 1991 da ya buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai. Kowace tana da sunanta a jikin bango, da shugabanta, da asusun da ake zuba karo-karo. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, bazara ce lokacin da fada ta fi cika, domin an gama aikin amfanin gona tuntuni, damina kuma ba ta faɗi ba.

Tsakanin rumbu da ruwan farko

Hutun bazara ba hutu ba ne sosai. Da sassafe, kafin rana ta yi kauri, matasa kan fita sharar gona, su kai taki a amalanke, su sassabe rassan itatuwan da aka bari suna tsirowa a cikin gonaki, dabarar da ta yi wa yankin Maraɗi suna a duniya tun shekarun 1980. Gawo, wanda ke riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina, shi ke ba mutum da dabba inuwa a wannan lokaci. A kwarin Gulbin Kaba da ya bi ta Mayahi, mata na saƙa tabarma da igiya da kaba domin kaiwa kasuwa.

A daidai lokacin ne kuma rumbuna ke yin ƙasa. Kuɗin tiyar hatsi shi ne labarin farko da ake tambayar duk wanda ya dawo daga cin kasuwa, kuma shi ke nuna wa magidanci ko jar akuyar gidan za ta kai damina ko za ta tafi kasuwa. Saurayin da ya samu 'yan kuɗi a aljihu sai ya yi lissafi: sukari da ganyen shayi na fada, kuɗin intanet na waya, gudummawar bikin aboki, ko tiya biyu ga mahaifiya. Bayan ƙaramar salla, wadda ta faɗo cikin bazara a 2024 da 2025, bukukuwan aure kan zo a jere, kuma wanda bai yi wa wani ba, ba za a yi masa ba.

Da dare, dara da lido da karta ke cin lokaci, sai kuma ƙwallon Turai, domin a watan Afrilu ne gasar zakarun nahiyar ke kaiwa matakin kusa da ƙarshe. Gidajen kallo kan cika da magoya bayan Real Madrid da Barcelona, muddin akwai wuta ko man janareta.

Yadda siyasa ke shigowa fada

Ta wannan ƙofar ce siyasa ke shigowa, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha tana zuwa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar ta kuma rufe iyaka. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma mai sayar da ƙanƙara da mai walda ba su manta da waɗannan watanni ba. Cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 shi ma ya sa man bumburutu da 'yan kabu-kabu suka dogara da shi ya yi tsada.

Tun daga nan sauye-sauyen ba su tsaya ba. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, suka riƙe ƙawancensu na AES. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Tiani a matsayin shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar, aka rusa jam'iyyun siyasa, sabon kundin sake gina ƙasa kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

A fada guda za a samu mai ganin cewa fitar da sojojin Faransa ta dawo wa ƙasa da mutuncinta, a samu mai tambayar yaushe za a sake zaɓe, a samu kuma wanda abin da ya dame shi shi ne takin zamani da aikin yi. Dukkansu kofi ɗaya suke zagayawa da shi. Sai dai muryoyi sun yi ƙasa, musamman tun Yunin 2024 da aka dawo da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, sannan BBC na tsawon wata uku a Disambar 2024. Wasu fadodin sun yi wa kansu ƙa'ida: gardama ta tsaya a kan tabarma, kada a ɗora ta a zauren WhatsApp. Idan ta yi zafi, shugaba kan miƙa shayi na biyu ya juya maganar zuwa ƙwallo.

Waɗanda ke nesa

Rabin fadar kuwa ba ya gari. Bayan girbi samari da yawa kan tafi biɗa Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya. Da saƙon murya suke halartar hira, da Nita ko Amana suke aiko da nasu karo-karon. Faɗuwar darajar naira ta rage auki ga abin da masu ci-rani a Najeriya ke turowa, domin kuɗin da a da ke cika buhu, idan an canza su zuwa sefa yanzu ba sa kaiwa.

Su ma suna bin siyasar gida, wani lokaci da zafin da ya fi na mazauna gari, tunda su ba su zaune kusa da kowa. Abokan da ke gida kan saurari saƙon, su yi dariya, su amsa da labarin farashin hatsi.

Tambayar da ke gaban kowane ɗan biɗa a ƙarshen Mayu ita ce ko ya dawo ya kama hauya, ko ya zauna ya aiko da kuɗin 'yan ƙwadago. Wasu iyayen ba sa jira, sukan yi binne a busasshiyar ƙasa da fatan ruwa ya tarar da irin. Ran da hadari ya haɗo daga gabas aka yi ruwan shuka, tabarmar fada kan wayi gari a naɗe, butar shayin kuma ta bi masu ita gona.