WANE GIDA ZA A KAI GIZO?

Akwai wani wasa da masu karatun littattafan hira suke yi a ƙasashen duniya, wanda a ido ba ya wuce nishaɗi, amma in mutum ya tsaya ya duba zai tarar akwai abin lura a cikinsa. Wasan kuwa shi ne a ɗauko tauraron wani labari, a auna halinsa, sa'an nan a yanke masa gidan da ya dace da shi cikin gidaje huɗu na makarantar Hogwarts.

Ita dai wannan makaranta babu ita a bayan ƙasa. Wata Baturiyar Ingila ce, J. K. Rowling, ta ƙago ta a cikin littattafanta na Harry Potter, na farko ya fito a Landan cikin 1997, na bakwai kuma na ƙarshe cikin 2007. Daga 2001 zuwa 2011 an mai da su finafinai takwas. A cikin labarin, makaranta ce ta kwana inda ake koya wa yara sihiri, kuma matsayin wannan sihiri bai wuce na aljanu da dodannin tatsuniyoyinmu ba. Yaro yana shekara 11 ake ɗaukarsa. A daren da ya iso sai a zaunar da shi gaban jama'a, a kifa masa wata tsohuwar hula mai magana, ita kuwa ta leƙa zuciyarsa, ta faɗi gidan da zai zauna har shekara bakwai.

Gida na farko shi ne Gryffindor, mai alamar zaki, na jarumai. Na biyu Hufflepuff, mai alamar wata dabba dangin dage, na masu haƙuri da riƙon amana da aiki tuƙuru. Na uku Ravenclaw, mai alamar gaggafa, na masu basira da son ilmi. Na huɗu Slytherin, mai alamar maciji, na masu dogon buri da wayo. Wannan tsari na gidaje ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi makarantar kwana a Nijeriya, domin daga Ingila muka gaje shi. A Kwalejin Barewa ta Zariya, alal misali, akwai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Bello Kagara. Bambancin dai shi ne, a nan magatakarda ne ke raba yara, ba ya kuwa tambayar halin kowa.

To, tun da wasan bai keɓanta ga Turawa ba, bari mu kifa wa namu taurarin wannan hula mu ji abin da za ta ce.

Mu fara da mai sauƙi, watau Ganɗoki, tauraron littafin Malam Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta haifar a ƙarƙashin R. M. East. Mutumin da ya yaƙi Turawa, ya bar gida ya nufi gabas, ya kuma gwabza da aljanu, ai hular ba za ta ɓata lokaci a kansa ba. Gidan zaki ne nasa, har da cika bakin da aka san 'yan wannan gida da shi. Haka nan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ɗakinsu ɗaya.

Gizo kuma fa? Kowane yaro zai ce a kai shi gidan maciji, kuma ba za a ce ya yi kuskure ba, gama Gizo bai taɓa cin abinci da guminsa ba muddin akwai wanda zai yaudara. Matarsa Ƙoƙi, wadda ta jure zama da shi duk tsawon tatsuniyoyin nan, ta cancanci gidan masu haƙuri ba tare da gardama ba. Kura ce kaɗai za ta ba hular wahala, don ba ta da jarunta, ba ta da amana, ba ta da basira, wayonta kuma kullum a kanta yake ƙarewa. Sai dai a mai da ita gida da kayanta.

Daga nan kuma sai al'amari ya fara rikicewa. Ɗauki Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam na 1934. Wanda ya tuna irin ƙulle-ƙullen da suka yi ta yi wa juna shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, gari bayan gari, zai ce su biyun gidan maciji suka nufa. Amma mene ne ya fitar da Alhaji Imam daga gida tun farko? Sarki ne ya kunyata Liman, mijin uwarsa, a gaban fadawa saboda ya ce ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan sarki. Don ya wanke wannan dattijo ya sha wahalar shekaru. Ashe ke nan wayo hanyarsa ce kawai, abin da ya tura shi kuwa biyayya ce da jarunta.

Aku na Magana Jari Ce ya fi wannan wuya. Tsuntsun da ya san labari ga kowane hali, lalle gidan gaggafa zai yi marhabin da shi. Amma labaran nan dabara ce ta tsare Musa ɗan sarki a gida dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Waziri da Aku duka masu wayo ne, duka kuma sun san sirrin fada. Ɗaya ya yi wayonsa don ya ci amanar ubangidansa, ɗaya ya yi don ya tsare ta. In hular wayo kaɗai take dubawa, za ta kwantar da su ɗaki guda, alhali kuwa tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa.

Sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malami ne, saboda haka gidan ilmi. Amma abin da mai karatu ke tunawa da shi shi ne haƙurinsa tun daga ranar da aka sace shi yana yaro. Mafi jarunta a littafin kuwa ba ta riƙe takobi ba ko sau ɗaya. Ita ce mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta ƙetare hamada, ba ta fasa ba sai da ta gan shi. Da an auna ta tana budurwa, wa zai ce gidan zaki ne nata?

Abin da wasan ke koyarwa ke nan: tauraron da ya shiga gida ɗaya ya zauna daram, marubucinsa bai zurfafa shi ba, wanda aka gina da kyau kuwa sai ya ƙi shiga. Ita kanta Rowling ta san haka. Peter Pettigrew, wanda ya ci amanar iyayen Harry saboda tsoro, ɗan gidan jarumai ne. Severus Snape, wanda ya yi shekaru yana leƙen asirin maƙiya da ransa a hannu, ɗan gidan maciji ne. Neville Longbottom, yaron da kowa ke yi wa dariya saboda rawar jiki da mantuwa, shi ne ya tsaya gaban azzalumi a littafi na bakwai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Harry kansa, hular ta so kai shi Slytherin, shi ne ya roƙi kada ta yi, ta kuwa saurare shi.

A nan ne maganar ta bar littafi ta shigo gidajenmu. Mu ma muna da huluna irin wannan. Uba ya kan dubi 'ya'yansa ya ce wannan mai kai ne, wancan daƙiƙi ne, sai kasuwa. Malami ya kan ware aji na masu ƙoƙari da aji na saura. Bayan shekara uku a sakandare a kan raba yara, waɗansu kimiyya, waɗansu adabi, sau da yawa ba tare da an tambayi yaron ba, kuma a bar shi da jin cewa ɗaya ajin na waɗanda suka kasa ne. Yaro kuwa sunan da aka laƙaba masa shi yake zama. Wanda aka yi shekara bakwai ana ce masa maciji, kada a yi mamaki in ya yi sara.

Gaskiya ne Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Amma shi ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara abin da ya riga ya zama dutse. Na farko maganar dattijo ce, na biyu maganar yaro, kuskurenmu shi ne yi wa yaro hukuncin dattijo.

Saboda haka muna ba malaman Hausa shawara su gwada wannan wasa a aji. A ba ɗalibai Aku da Waziri da mahaifiyar Shaihu Umar, kowa ya zaɓa musu gida, ya kuma kawo hujja daga cikin littafi. Gardamar da za ta tashi za ta sa su koma su karanta da idon basira. Amma in an gama, a rataye hular a ƙusa, kada a kifa ta a kan yaron da ke zaune a benci. Allah ya shirya mana zuriya, amin.