Ɗakin Ajiya na Kwano: Sayensa, Haɗa Shi da Darasin da Ke Cikin Rumbu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan ɗakin ajiya na kwano, wato ƙaramin ɗakin da ake sayowa a wargaje cikin kwali, a haɗa shi a bayan gida. Ta waiwayi asalin kwano, ta kawo abubuwan lura kafin saye da matakan haɗawa, tana mai kwatanta ɗakin da rumbu da rufewa. Maƙalar ta nuna cewa bango da rufi kaɗai kwalin ya ƙunsa. Abubuwa uku da ƙarkon ɗakin ya rataya a kansu, wato daɓe da ɗauri da shigar iska, suna wuyan mai saye ne, kuma su ne magina rumbu suka daɗe da laƙanta.

1.0 Gabatarwa

Ajiya tsohuwar buƙata ce a gidan Bahaushe. A karkara, rumbun kara da rufewar ƙasa su ne ma'ajiyar gero da dawa daga kaka zuwa kaka. Zaman birni ya zo da ƙaramin fili da gidan haya, ya kuma zo da kayan da rumbu bai san su ba, kamar babur da injin ban-ruwa da kayan sana'a. Mai irin waɗannan kaya, idan ba shi da halin gina ɗakin bulo, ko kuwa filin ba nasa ba ne, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya je wurin mai walda a ƙera masa ɗaki irin shagunan ƙarfen da ake gani a bakin titi, ko ya sayi wanda masana'anta ta yanka ta huda, ta zuba a kwali. Wannan na biyun shi ne abin nazari a nan. Ya fi yaɗuwa a Amurka da Birtaniya da Ostareliya, inda kamfanoni irin su Arrow da Yardmaster da Absco suke ƙera shi domin ajiye kayan lambu. Saboda haka an tsara shi ne bisa yanayin waɗancan ƙasashe, kuma wannan batu ne da ya kamata mai saye ya riƙe tun daga farko.

2.0 Asalin Kwano

A shekarar 1829 wani injiniya Bature mai suna Henry Robinson Palmer ya yi rajistar fasahar lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi tudu da kwari, domin rufa ɗakunan ajiya na tashar jiragen ruwa ta Landan. Hikimar ita ce, siririn falle da ba ya iya ɗaukar nauyin kansa yakan yi ƙarfi idan aka lanƙwasa shi haka. Sai dai tsatsa tana saurin cin sa. Maganin wannan ya fito daga Faransa, inda Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya a 1837. Tutiyar takan lulluɓe ƙarfen, kuma ko an ƙwarzane shi ita ce take fara lalacewa kafin tsatsa ta kama abin da ke ƙarƙashinta. A 1972 kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da wani shafen da ake kira Galvalume, wanda kashi 55 cikin ɗari nasa alminiyam ne, sauran kuma mafi yawa tutiya.

A ƙasar Hausa, isowar layin dogo Kano a 1911 ta sauƙaƙa kawo kaya masu nauyi daga bakin teku, ciki har da kwano da siminti. Harshe ma ya karɓi baƙon: fallen rufi da kwanon da ake cin abinci a ciki suna ɗaya suke amsawa, har “gidan kwano” ya zama kishiyar gidan soro da na jinka.

3.0 Abubuwan Lura Kafin Saye

Abu na farko shi ne girma. Ana rubuta shi da ƙafa, kamar 6 da 4, ko 8 da 6, ko 10 da 8. Sau da yawa awon da ke jikin kwali na rufi ne tare da bakinsa da ya zarce bango, don haka cikin ɗakin bai kai haka ba. Ya kamata a nemi awon ciki, da faɗin ƙofa, da tsawon bango, domin da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna bangonsu bai kai mita biyu ba, sai dogon mutum ya sunkuya.

Abu na biyu shi ne kaurin falle. Masu araha kan kama daga milimita 0.25 zuwa 0.35. Idan kuwa da geji aka rubuta, to lissafin a juye yake: gwargwadon girman lamba, gwargwadon sirantar falle. Geji 26 ya fi geji 29 kauri. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma a nan siririn falle yakan lotsa da an jingina masa babur. Bayan kauri sai a duba shafen, a tabbatar tutiya ce ko Galvalume a ƙarƙashin fentin, domin fenti shi kaɗai ba ya daɗewa a gaban rana.

Abu na uku shi ne abin da babu a kwalin. Galibi babu daɓe, kuma ƙarafan ɗaure ɗakin da ƙasa akan sayar da su daban. Wanda bai sa kuɗin siminti da yashi da tsakuwa da ladan birkila a lissafinsa ba, bai san farashin ɗakin ba tukuna.

Na huɗu shi ne izini. A Ingila, ɗakin da ke tsakanin mita biyu da iyakar maƙwabci bai kamata ya wuce mita 2.5 a tsawo ba, in ba a nemi izinin hukuma ba. A biranen Nijeriya hukumomin tsara birane na jihohi ne ke da wannan hurumi. Ɗan haya kuma sai da amincewar mai gida, sannan a kauce wa juya bakin rufi yadda ruwan sama zai zuba a katangar maƙwabci.

4.0 Daɓe

Magini ba ya ɗora rumbu a kan ƙasa kai tsaye. Yakan jera duwatsu, ya gitta itatuwa a kansu, sannan ya tayar da jiki, domin danshi da gara da ɓera su sami tazara tsakaninsu da hatsi. Ɗakin kwano ma buƙatarsa ke nan. Gara ba ta cin ƙarfe, amma tana cin katako da kwali da buhun da aka ajiye a ciki, danshi kuwa ta gindi yake fara cin fallen.

Za a zaɓi wuri mai ɗan tudu, nesa da bakin indararo da hanyar ruwa, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa. A share ƙasar sama, a zuba tsakuwa a daddaɓe, a shimfiɗa leda mai kauri domin tare danshin ƙasa, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 10. Haɗin da aka saba shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana bakwai. Cikakken ƙarfinsa kuwa sai wajen kwana 28.

Sharaɗi biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko daɓen ya kwanta daidai, babu gefen da ya fi wani tudu, kuma siririn tiyo mai ruwa da birkiloli ke amfani da shi ya isa a gane haka. Na biyu kusurwoyi huɗun su tsaya cif. Hanyar gwaji ita ce a auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, a sake auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo ɗaya, to an dace. A daɓe mai ƙafa 8 da 6, kowanne zai ba da ƙafa 10. Dalilin wannan tsanani shi ne, masana'anta ta riga ta huda kowane rami. Kafinta yana iya gyara karkatar katako da zarto, amma a nan kuskuren rabin inci a ƙasa yakan sa ramukan rufi su ƙi haɗuwa, ƙofa kuma ta cije.

5.0 Haɗawa da Ɗauri

Aikin na mutum biyu ne, kuma matsakaicin ɗaki kan ci yini guda ko fiye. A zaɓi ranar da babu iska, a fara da sanyin safiya kafin falle ya yi zafi, a sa safar hannu domin bakinsa yana yanka kamar wuƙa. Kafin a ɗaura komai, a baje kayan a gwada lambobinsu da na littafin bayani, a ƙirga noti.

Tsarin da aka fi bi shi ne a fara da ƙarafan gindi, a sake gwada kusurwoyi, a tayar da fallayen kusurwa, a ɗaura ƙarafan sama da na tsakiya, a cike bango, sannan a ɗora ƙarfen tsakiyar rufi da fallayensa, ƙofa ta zo a ƙarshe. Ba a tamke noti gaba ɗaya sai sashen ya gama haɗuwa, domin a sami damar motsa shi. Kowane notin rufi yana da zoben roba da ke hana yoyo, wanda yawan matsi ke fasawa. Idan yanka ya zama dole, almakashin kwano ya fi injin yankan ƙarfe, saboda zafin injin yana ƙone tutiya, ɓarɓashinsa kuma yana barin ɗigon tsatsa. Ba a hawa kan rufin, ba a kuma barin bango tsaye ya kwana babu rufi.

Daga nan sai ɗauri. Ɗaki mai ƙafa 8 da 6 sau da yawa bai kai nauyin buhun siminti biyu ba, alhali faɗin jikinsa yana tare iska sosai. Ƙarfin turin iska kuwa yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Duk wanda ya san guguwar farkon damina a ƙasar Hausa, wadda kan yaye rufin gidaje da makarantu, ya san ma'anar karin maganar nan da ke cewa iska na wahalar da mai kayan kara. Ɗakin da iska ta ɗauka hasara ce ga mai shi, kuma haɗari ne ga duk wanda ya faɗa wa. Don haka a huda kankaren, a ɗaure ƙarafan gindi da noti masu buɗewa a cikin rami, a kowace kusurwa da tsakankaninsu, tun ranar da aka gama haɗawa.

6.0 Zafi da Raɓa

Jinkar rumbu da kaurin ƙasar rufewa suna tare zafin rana, kara da zana kuma suna barin iska ta ratsa. Kwano ba ya yin ko ɗaya. Da rana a watan Afrilu cikinsa yakan zarce waje zafi nesa ba kusa ba. Da dare kuma, musamman da damina, fallen yakan yi saurin hucewa, sai tururin da ke ciki ya taru a ƙarƙashin rufi ya riƙa ɗiga. Mai ɗaki sai ya zaci yoyo ne, alhali raɓa ce. Magani shi ne a bar tagogin iska biyu masu kallon juna a sama, a sa musu raga, a zaɓi fenti mai haske, a kafa ɗakin inda zai sami inuwa, a kuma ɗora kaya a kan katako maimakon daɓe.

Wannan ya sa akwai abubuwan da ba su dace da shi ba. Irin shuka yakan rasa ƙarfin tsira a cikin zafi mai tsanani, hatsin da bai bushe sarai ba kuma yakan yi fumfuna. Takin zamani yana cin tutiya idan ya jiƙe ya taɓa falle. Man fetur da tukunyar gas ba su da wuri a ɗaki mai irin wannan zafi. Tayar da janareta a ciki kuwa, ƙofa a rufe, yana tara hayaƙi mai guba marar wari da ke kashe mutum.

7.0 Kammalawa

Ɗakin ajiya na kwano yana da fa'idodi bayyanannu: ba ya cin wuri, gara ba ta cin jikinsa, kuma ɗan haya yana iya kwance shi ya tafi da shi. Raunin da yake da shi a wuri uku ne, wato ƙasa da guguwa da zafi, kuma a waɗannan wurare ne ilimin ginin rumbu ya fi zurfi. Akwai aiki a nan ga manazarta Hausa. Kalmomin da masu walda da kafintoci da birkiloli suke amfani da su, na aro da na gida, suna buƙatar a tattara su, tare da na maginan rumbu da rufewa, tun masu wannan sana'a suna raye ana iya tambayarsu.