Mbube: Waƙar da ta zaga duniya, mai ita ya rasu da talauci

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1994, ya ji waƙar "The Lion Sleeps Tonight". Kaɗan ne suka san cewa tushenta faifan garmaho ne da aka buga a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu a 1939.

Mai waƙar shi ne Solomon Linda, ɗan ƙabilar Zulu, wanda ke jagorantar ƙungiyar mawaƙa mai suna Evening Birds. Sun rera ta a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo, suka raɗa mata suna "Mbube", wato zaki da harshen Zulu. Ƙarfinta yana cikin amshi ne: muryoyin maza masu kauri suna tafe a ƙasa, siririyar muryar Linda tana yawo a samansu. Wajen ƙarshen ɗaukar ne ya ƙago wani ɗan gajeren kari nan take, kuma wannan karin ne duniya ta fi sani a yau. Faifan ya samu kasuwa har sunansa ya zama sunan salon waƙa sukutum. Shi kuwa Linda, sule goma aka ruwaito an ba shi, haƙƙin mallaka ya koma hannun kamfani, inda ya riƙa aikin shirya faifai a kwali.

Daga nan faifan ya ƙetare teku. Masanin waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ne ya sa Pete Seeger ya saurare shi a Amurka. Kunnen Seeger bai kama kalmar Zulu da ake maimaitawa a amshi daidai ba, shi ya sa ya kira waƙar "Wimoweh". Ƙungiyarsa, The Weavers, ta yi fice da ita a 1952, amma sunan da aka rubuta a matsayin marubuci shi ne Paul Campbell, sunan aro da ƙungiyar ke sa wa waƙoƙin da ta ɗauka na gargajiya ne marasa mai su. A nan ne ɓarnar ta faru, domin waƙar tana da mai ita, kuma yana raye.

A 1961 George David Weiss ya sa mata baitocin Turanci, ƙungiyar The Tokens ta rera ta da sabon suna, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A 1982 ƙungiyar Tight Fit ta sake kai ta wannan matsayi a Birtaniya. Tun kafin nan, a 1962, Linda ya rasu yana fama da talauci, kuma sai bayan shekara 18 aka sa dutsen shaida a kabarinsa.

Maganar ta taso ne a shekarar 2000, lokacin da ɗan jarida Rian Malan ya bi diddigin kuɗin waƙar a mujallar Rolling Stone. Lauyoyin iyalin, ƙarƙashin Owen Dean, suka zaƙulo wata dokar haƙƙin mallaka ta daular Birtaniya ta 1911, wadda ke aiki a Afirka ta Kudu a zamanin Linda. Dokar ta tanadi cewa shekara 25 bayan rasuwar mai fasaha, haƙƙin da ya sayar yana komawa ga magadansa. Abin mamaki, dokar 'yan mulkin mallaka ce ta zama tsanin 'ya'yansa mata.

Da wannan hujja aka maka Disney a kotu a 2004. Shari'ar ba ta kai ga hukunci ba, domin a watan Fabrairun 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney lasisin waƙar, ya yi sulhu da iyalin. Ya amince ya biya su kuɗin baya da kuma kaso a abin da waƙar za ta ci gaba da samarwa, sannan a riƙa lissafa Solomon Linda cikin waɗanda suka tsara ta, shekara 67 bayan ya rera ta a gaban na'urar Gallo.