Feshin ciyawar ado a gefen tafkin kifi

Haki ya mamaye ciyawar da ka shuka don riƙe ƙasar gefen tafki? Kar ka ɗauko glyphosate, shi ba ya zaɓe, har ciyawarka zai ƙone. 2,4-D ne ke kashe masu faɗin ganye ya bar ta.

Amma duba jikin robar da kyau: akwai amine, akwai ester. Ester guba ne sosai ga kifi, ni dai ba ya kusantar tarwadata. Ko amine ɗin ma, hakin bakin ruwa cire shi da hannu. Ban da feshi ana iska ko hadari ya haɗo. Sa safar hannu da takunkumi, kulle kaji har ganye ya bushe, ka wanke famfon feshin nesa da tafki da rijiya.